Neman Yaya Audu a Maraɗi

Likoro zuwa Katsina

Ana kiran assalatu na bar Likoro da ƙunshin mazarƙwaila a ka. Inna ce ta ɗora mini tafiyar. Ido ya tafi, jiki ya ƙi, ta ce burinta ta shafa fuskar Yaya Audu, wanda ya tafi fatauci Maraɗi tun Turawa na nan, shiru kamar an aiki bawa garinsu. Motar rake na hau, ta mace mana a Tashar Yari har azahar. A tashar Kano na kwana kan buhu, washegari na isa Katsina baya kamar ba nawa ba.

Jibiya

Da tsoro na iso, don a kasuwar Makarfi an ce tunda aka sami mulkin kai ba a ƙetare iyaka sai da takarda. Ashe gora ce a kan ganga biyu. Jandarma ya leƙo.

"Kai ɗan ina?"

"Zazzau."

"Wuce."

Direba ya ce, "Malam, iyaka ta Nasara ce, ya tafi ya bar kayansa." Aka yi dariya, ban da ni. Da a rufe ƙofar take, da Yaya na gida.

Maraɗi

Kabari na tarar. Matarsa ta dama mini fura, ta ce, "Bara ya rasu. Ga ɗiya tai nan." Yarinya ta fito da zanen Gobirawa har kunne, Hausarta ma sai na karkata kai. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na raba mazarƙwailar sadaka, na roƙi uwar ta ba ni aron yarinyar zuwa kaka.

Gida

Na gode Allah da ya maido mu lafiya. Na faɗa wa Inna. Ta miƙa hannu ta bi kumatun yarinyar, ta janye.

"Wannan ba zanen gidanmu ba ne. Wa ya sani ko tasa ce? Ke, yaya sunanki?"

"Uwani."

"Na yanka nake tambaya."

"Wajen mutane ni ka jin shi. Baba bai taɓa hwaɗi nai da baki nai ba. Ya ce sunan uwa tai ne."

Inna ta sake miƙa hannu, tana lalube.

"Matso, takwara. Zauna nan."