Kunnen da Na Baro a Kogin Haɗeja

Tsufa ya kwashe mini abubuwa da yawa, amma ba zan taɓa manta ranar da na rasa kunnena na hagu ba. Zamanin Turawa ne, ina saurayi mai ji da kansa, don a masuntan da ke tsakanin Haɗeja da Auyo ba wanda ya kai ni nutso.

Da kaka ne, ruwa bai gama janyewa ba, wani Bature mai rangadi ya iso mashigi. Ana tsallakawa da shi kwalekwale ya karkace, bindigarsa ta sulale cikin gurbi mafi zurfi. Tafinta ya ce a nemo gwani. Kawuna, wanda ya koya mini su, ya riƙe hannuna ya ce mura nake yi, kuma mai toshewar hanci ba ya shiga zurfi. Na ji shi sarai. Amma idon jama'a na kaina, ni kuwa a lokacin kirari ya fi mini tuwo.

Na nutsa. Tun ban kai rabi ba kunnena ya fara suka, na haɗiyi yawu ya ƙi buɗewa, na ci gaba. Ina taɓa ƙarfen na ji wani abu ya fashe a kaina, sama da ƙasa suka rikice mini. Da gorar tuƙi Kawu ya lalubo ni. Na fito riƙe da bindigar, jini na bin wuyana. Bature ya karɓi abinsa, ya jinjina mini, ya yi gaba.

Bayan wata biyu wani karen ruwa ya mutu a cikin tarkon kifinmu. Kawu ya buɗe gashin kan dabbar ya nuna mini kunnen, ɗan mitsitsi, da 'yar fata a bakinsa. Sai ya zagayo damana, don ya san hagu ta mutu.

"Duba nan, ɗana. Yana nutsawa wannan fatar take rufewa. Shi marfi Allah ya yi masa. Kai naka a buɗe aka ba ka, don ka ji magana."

A nan ne na yi kukan da ban yi ba ranar da abin ya faru. Ban sake nutso ba. Na gane kowace halitta da iyakarta, kuma wanda ya ƙi jin bari zai ji hoho. Ni nawa hohon ma da kunne ɗaya na ji shi.