Facin Hular Kwano

Mijin Goggo, yayar babana, ya shiga soja ana tsakiyar yaƙin basasa, bai kuma dawo ba. Abin da ya dawo ƙauyenmu na wajen Kafur hular kwanonsa ce, wadda wani abokinsa ɗan Dayi ya kawo bayan an ajiye makamai. Akwai huda a gefenta, daidai saman kunne. Babu wanda ya tambayi abin da ya yi hudar.

Goggo ba mai rataye abu a bango ta zauna tana kallo ba ce. Ta cusa tsumma a hudar, ta mai da hular mazubin iri. Duk damina da ita take fita shuka, riƙe a ƙugu, tana jefa dawa tana takewa da diddige. Matan cocinmu kan tsokane ta wai sojanta har yanzu bai yi ritaya ba. Sai ta ce, "Ai da ma gonarsa ce, ku bar shi ya yi aikinsa."

Shekarar da ruwa ya ɗauke dawa na fitar da kai, ina koyarwa a wata firamare a Funtua. Lokacin ne wasu dillalai suka fara bin ƙauyuka ranar kasuwa suna sayen kayan yaƙi: lambobin tsofaffin sojan Bama, kwanson harsashi, takardun kuɗin Biyafara. A ƙofar manyan otal na Kaduna suke baje su, Turawa na saye su tafi da su tsaraba. Na tsani sana'ar nan, har gobe kuwa.

Na zo hutu ke nan babana ya shigo da ɗaya daga cikinsu, wani Alhaji mai fara'a, har tsakar gidan Goggo. Ban ga laifin babana ba. Rumbunta ya kusa ƙasa, ga marayu a gabanta.

"Yaya, ki daure," in ji shi. "Ƙwarya ma tana ɗaukar iri."

Ta shiga ɗaki ta fito da hular. Alhaji ya zare tsumman, ya zura yatsa cikin hudar yana jujjuyawa, fuskarsa ta washe.

"Inna, ai wannan ita ce darajarta. Turawa ba sa son lafiyayya. Mai huda suke nema, su san an mutu a ciki."

Goggo ta karɓi abarta da hannu biyu. Ta ce, "Alhaji, ka dawo kasuwa mai zuwa."

Duk mun ɗauka ta sallama. Washegari ta ce in raka ta Malumfashi, muka zarce rumfar mai facin tukwane. Ya yanko ƙarfe ya ɗora kan hudar, ya buga masa ƙusoshi ciki da waje. Facin bai yi kyau ba ko kaɗan, ita kuwa sai shafa shi take.

Da Alhaji ya dawo ya gani, fara'ar nan ta gudu. "Inna, kin ɓata kaya."

"To, Allah ya ba ka wani," ta ce, ta kawo masa ruwa.

Babana ya daɗe bai taka gidanta ba. Ita kuwa ta sayar da akuyarta, ta shiga tsinkar auduga a gonakin mutane, yara suka ci garin rogo har ya gundure su. Amma sun kai baɗi. Ban taɓa ganin mace mai zuciyarta ba.

Daga baya na tambaye ta me ya hana ta ce wa Alhaji a'a kawai tun ran farko.

"Da na ce a'a, da yunwarmu ta sake turo shi, ban kuma san abin da bakina zai faɗa ranar ba," in ji ta. "Ban ga gawar mijina ba, ban yi masa sutura ba. Amma babu mai ƙara zura masa yatsa a ka."

Da ruwan shuka ya sauka, ta cika hular da dawa ta nufi gona.