Musabaha da Filafili

Na yi aikin duba-gari tun ina saurayi har furfura ta kama ni, kuma ban taɓa jin kunyar wannan suna ba. A zamanin agana ni ne nake tsayawa a ƙofar gidan da cuta ta shiga, in hana uwa ganin ɗanta, in hana aboki gaida abokinsa. An zage ni, an kuma gode mini daga baya. Saboda haka, da annobar korona ta zo, gwamnati ta hana ƙetare iyakar jihohi, ta hana musabaha, ta ce kowa ya rufe baki da hanci, ban tsaya gardama ba. Wanda ya ɗora wa jama'a doka shekara da shekaru ba shi da bakin karya ta ranar da ta biyo ta kansa.

Ta kuwa biyo ta kaina. Ina zaune a Wara, a bakin tafki, yayata kuma, wadda ta goye ni bayan rasuwar Innarmu, tana aure a wancan ƙetaren tafkin, a jihar Neja. Da zafin bazara ya tsananta, ɗanta ya kira ni ya ce jikinta ya yi rauni, abinci ma sai an lallashe ta, kuma kullum tana tambayar autan Inna. Waya ba ta da amfani a gare ta, don kunnenta ya yi nauyi. Na ce masa doka ta hana. Na ajiye wayar.

Bayan 'yan kwanaki wani masunci maƙwabcina ya shigo da saƙonta, wanda ya karɓa daga bakin masuntan can, domin su ba a hana su neman abinci ba. Ya ce, "Baba, ta ce in gaya maka: in kai ba ka ƙetarowa, ita ma ba ta ƙetarewa. Ku gamu tsakiyar ruwa, bisa gidan ubanku. Ta ce ta ga duba-garin da zai kama ku can."

Gidan ubanmu, a tsibirin da aka haife mu, yana ƙarƙashin tafkin tun lokacin da aka datse gulbi aka tashe mu. Na juya maganar ta kowace fuska, ban ga inda ta saɓa wa doka ba.

Ranar da aka tsayar, muka fita da hantsi a kwalekwalen masuncin. Abin da na tarar ban taɓa zaton zan sake samunsa a duniya ba. Manyan jiragen inji da ke jigilar 'yan kasuwa duk suna ɗaure a gaɓa. Babu ruri, babu hayaƙi, babu ihun masu lodi. Ruwan ya kwanta tun daga gabanmu har inda ido ya ƙare, sararin sama kuma ya sauko ya kwanta a cikinsa. Ina jin ɗigar ruwa daga filafili, ina jin fukafukan balbelu da ke wucewa can nesa. Rabona da irin wannan shiru tun ina yaro a tsibirinmu. Na yi ta tasbihi a zuci, ina mamakin yadda halittar da ido ba ya gani ta tsayar da injunan duniya, ta mayar wa ruwa da muryarsa.

Ruwa ya ja baya a wannan shekara, har kawunan matattun itatuwan tsohon garinmu sun fito, baƙaƙe, tsaitsaye. A jikin ɗaya daga cikinsu muka hango kwalekwale, ɗanta yana riƙe da reshe, ita kuma tana jingine da matashi, ta ƙanƙance kamar yarinya. Na sa aka tsayar da namu da 'yar tazara.

Ta ƙura mini ido, sai ta fashe da dariya har da tari.

"Wa ya sa wa autan Inna takunkumi? Hatsin wa ka ci, jakin gwamnati?"

Na ɗaga murya na ce, "Yaya, doka ce!"

"Doka, doka. Tun kana tsumma kake da taurin kai. Matso in taɓa ka."

"Ba ni matsowa, Yaya. In ina ɗauke da ita ban sani ba, ke za ta kayar."

Ta dube ni. Sa'an nan ta karɓi filafilin ɗanta da hannu biyu, ta miƙo shi a hankali bisa ruwa. Na kama bakinsa. Ta cikin itacen na ji rawar hannunta, ita ma na tabbata ta ji tawa.

Ta ce, "Tsamiyar ƙofar gidanmu ce wagga. Nan na goye ka. Na yahe maka duniya da lahira, kai ma ka yahe mini."

Na ce na yafe, na kuma faɗa da ƙarfi don ta ji. Muryata ta tafi bisa ruwan nan ba abin da ya tare ta.

Allah ya karɓi abinsa da farkon damina, kafin a buɗe hanya. Ban sami jana'izarta ba, ban kuma nemi a ƙetare da ni a ɓoye ba. Da aka buɗe hanya, ɗanta ya zo mini da kansa, filafilin a kafaɗarsa, ya ce ita ta yi wasiyya a kawo mini. Na miƙe tsaye na karɓe shi da hannu biyu, ta ɓangaren da ta riƙe.