Tomie, Mai Yi Wa Tagogi Godiya

Madalla da mutanen garinmu masu kaifin hankali, waɗanda daɗin baki bai taɓa juya su ba. Duk wanda ka tambaya zai ce da kansa yake yanke shawara, ba ruwansa da zaɓin maƙwabci. Su ne suka cika haikali don yin bankwana da ke, Yaya Tomie Kuwabara, bayan rasuwarki ranar Talata, sha biyu ga Nuwamba. Na ƙona turarena na koma gefe ina kallonsu. Ban ga ko ɗaya da ba ki taɓa juya shi ba.

Tun kina budurwa kike shiga motar 'yan takara lokacin zaɓe, da farar safar hannu da lasifika, kina kiran sunan mutum har sai ya zauna daram a kunnen jama'a. 'Yan mata da yawa kin koya musu sana'ar nan kyauta, kin kuma dafa musu citta da zuma idan murya ta dishe. Ni da nake tallar busasshen kifi, ina ji da bakina, a gabanki ɗan koyo ne.

Ba zan manta da shekarar da aka so rushe kasuwarmu a yi wurin ajiye motoci ba. Wani kansila ya tsaya a taro ya ce: "Ko a rushe kasuwa, ko gari ya mutu. Kowa ya amince, sai wasu tsofaffi masu tsoron zamani." Mutane na son kasuwar, amma a garin nan ba mai son ya zama na farkon da zai fita daban. Muka dawo rumfuna jiki a sanyaye.

Kika same ni na yi tagumi. "Ƙanena, wa ya mutu?"

"Ai kin ji, Yaya. Kowa ya amince."

"Kowa? Ka taɓa ganin Kowa ya zo sayen kifi? Kowa na wanda ya riga kiransa ne. Genzo, ara mana motarka."

Genzo mai awara ya ce, "Awarar fa?"

"Ta jira. In aka rushe kasuwa, kai kaɗai za ka cinye abarka."

Muka shiga unguwanni, ni a baya, ke kina ɗaga hannu. "Kasuwarmu ta gode! Mun gode, Baba na saman bene, mun ga hannunka! Mun gode, Inna mai shanya!" Na ɗaga kai, ban ga komai ba sai kyanwa da bargo a rataye.

Na ce, "Yaya, tagar nan ba kowa."

Kika rufe lasifika da tafin hannu. "An ce maka na makance? Ba da ita nake ba, da ta kusa da ita nake."

Haka kuwa aka yi. Wannan ya ji an gode wa maƙwabcinsa, ya leƙo. Wancan ya ga ya leƙo, ya ɗaga hannu. Kafin ranar da majalisa za ta kaɗa ƙuri'a kan kasuwar, hannun gaske kike yi wa godiya, har muryarki ta tafi. Zauren majalisa ya cika, wasu a tsaye har bakin titi, aka janye maganar rushewa. Yau a rumfata nake rubuta wannan, kuma ina alfahari da cewa ina cikin motar nan.

Mai rahama ya yi miki rahama, Yaya, ya sa kin huta, ya yafe miki kurakuranki. Ina miƙa ta'aziyya ga 'yarki Kazuha da jikokinki, da ɗaukacin 'yan kasuwa. Ubangiji ya ba mu haƙurin rashinki.

Malaman makaranta sun ce dabarar nan yaudara ce, ni kuma karatuna bai kai na yi musu gardama ba. Amma tagar da aka gode wa tun babu kowa, daga baya ta cika da mutane, ƙarya aka yi mata, ko dai gaskiyar aka faɗa da wuri?