Ƙasa da Gwiwa na Sufeto Ne

Ku da kuka zauna da mu a bayan tashar jirgin ƙasa ta Kafanchan, babu wanda bai taɓa ganin Yaya Bulus yana tauna ciyawa ba. Kullum da safe zai sa tsohon kwat ɗinsa na aikin reluwe, ko ana rana ko ana ruwa, ya ɗauki lauje da buhu ya bi gefen layin dogo. In ya yanko ganye sai ya tsinki ɗaya ya sa a baki, yana taunawa yana kallon sama kamar mai ɗanɗana miyar biki. In bai yi masa ba, ya watsar da damin duka. Kun ce tsufa ne. Ba tsufa ba ne. Cewa yake abin da bai ci ba, Sufeto ba zai ci ba.

Sufeto zomonsa ne, fari mai baƙin kunne ɗaya. Ya sa masa sunan ne don babu abin da zai shiga ɗakin bai duba shi ba, kuma da haƙori yake dubawa.

Ni ne Ishaya ƙaninsa, kafinta. Karatuna bai yi nisa ba, ku yi haƙuri da rubutun. Sati biyu ke nan da muka binne shi. Abin da ya bar mini kwat ne, da kujera, da zomo, da magana ɗaya: "Kada ya shiga tukunya, kada kuma ya mutu a hannunka." Na ce to. Saura kaɗan in kasa cika ta biyun. Zan zo kan wannan.

Kujerar nan ni na yi masa ita shekarar da ya bar aiki. Sau huɗu ina canza mata ƙafa. A na huɗun na gaji, na ce, "Yaya, ka sa dabbar nan a keji mana, kamar yadda kowa ke yi."

Ya ce, "Kai ka taɓa kwana a akwatin kayan aikinka?"

Na ce, "Ni ba na cin kujera."

Ya ce, "Don haƙoranka sun daina tsiro ne. Nasa ba sa dainawa. In bai gaigayi itace ba za su yi tsawo su hana shi cin abinci. Ba mugunta yake yi ba, gyaran baki yake yi."

Na ce to zan sa katako mai tauri, in shafa fenti. Ya riƙe mini hannu. Wai fenti zai ɓata masa ciki. In sa reshen gwaba, kada in ɓare ɓawon.

Na ce, "Yaya, kujera kake so ko tuwo?"

Ya ce, "Sama nawa, ƙasa nasa. Yi aikinka."

Daga nan dokar gidan ta fito: duk abin da yake ƙasa da gwiwa na Sufeto ne. Rediyo ta koma kan ƙusa a bango. Buhun acca yana rataye da igiya. Keke ma a kafaɗa yake shiga da shi ya ɗora kan gado. Baƙo in ya zo, tun daga ƙofa ake gaya masa. Mai bishararmu ne bai ji ba. Ya zo gaisuwa wata Asabar, ya ajiye littafin waƙoƙinsa a kan tabarma, ya rufe ido yana addu'a. Kun san addu'arsa ba gajeriya ba ce. Kafin a ce amin, bangon littafin ya tafi, har da shafi biyar.

Mutumin ya ɗaga littafin, ya ce, "Baba Bulus, dubi abin da dabbarka ta yi."

Yaya ya karɓa ya jujjuya, ya ce, "Malam, shekara talatin ina zuwa coci, ban ga wanda ya shiga littafin nan kamar shi ba."

Washegari shi ya ɗinke masa littafin da zare, ya yi masa bango da kwalin sukari. Amma bai ba da haƙuri ba. Ya ce laifin na mai ajiyewa ne.

Sai Mama Tabita, maƙwabciyarsa. Mama, kina nan, kada ki musa. Wata rana ta ɗaga Sufeto ta kunne tana auna nauyinsa kamar mai cinikin kaza, ta ce, "Wannan ya kai Kirsimeti." Tun ranar, da ya ji takunta sai ya buga ƙafar baya a ƙasa, dim, ya shige ƙarƙashin gado. Yaya ya ce haka zomo ke gaya wa 'yan'uwansa akwai haɗari, kuma ba a ɗaga shi ta kunne, ba ya mantawa.

Ta ce, "Ni ce haɗari? Ni da ke kawo maka miya?"

Ya ce, "Miyar yake tsoro, Tabita."

Da Sufeto ya haƙa rami a daɓen ɗakin, na ɗauka yanzu kam za a yi hukunci. Ina. Yaya ya ari daro, ya je rafi ya ciko shi da yashi ya ajiye a lungu. Wai haƙa a jininsa yake, hana shi ba zai yiwu ba, sai dai a nuna masa wurin yi. Zomon ya bar daɓe, gaskiya. Sai dai tun daga nan duk wanda ya ci tuwo a ɗakin ya ci da yashi.

Ranar ce na yi fushi sosai. Na ce, "Yaya, dubi ɗakinka. Tabarma ta zama tsumma. Me kake samu a wurin dabbar nan?"

Bai yi dariya ba. Ya daɗe yana goge lauje, sannan ya ce, "Tun da matata Hannatu ta rasu, ɗanmu Yakubu kuma bai dawo daga yaƙi ba, duk abin da na ajiye a ɗakin nan a wurin nake samunsa. In na bar kofi a bakin gado, nan zan tarar da shi da yamma. Ka san yadda wannan yake? Shekara biyu babu wanda ya taɓa mini komai. Yanzu in na dawo, akwai wanda ya yi ɓarna."

Ban gane ba. A lokacin matata tana da rai.

To, ga abin da na yi. Bayan jana'iza na kai Sufeto gidana. Na ce ni kafinta ne, ba za a ci mini kaya ba. Na haɗa masa keji mai kyau, da waya da sakata. Na zuba masa ganyen dankali. Ya koma lungu ya dunƙule. Ranar farko ya ɗan taɓa ya bari. Rana ta biyu ko kallon ganyen bai yi ba. Yaya ya sha gaya mini zomo in ya daina ci, ba ya jimawa. Mama Tabita ta leƙo ta ce, ba da wasa ba wannan karon, "Ishaya, yanka shi kafin ya zama asara." Ko ƙafa bai buga mata ba. Wannan ne ya tsorata ni.

Na je na ɗauko kujerar a ka, mutane na kallona. Na ajiye ta tsakiyar ɗakina, na shimfiɗa kwat ɗin a ƙasa, na buɗe kejin. Na zauna a kan daɓe da gwiwoyina masu ciwo. Bai fito ba. Na duba ƙofa, babu kowa. Sai na tsinki ganye na sa a baki. Ɗaci gare shi, in kuna son sani. Ina taunawa, ina jin kaina kamar mahaukaci, sai ga shi ya fito. Ya shinshina kwat, ya goga haɓarsa a ƙafar kujera, ya zo ya ja sauran ganyen daga hannuna.

Kejin na fasa shi na hura wuta. Rediyota tana kan ƙusa yanzu. Jiya na dawo daga aiki na tarar an cinye igiyar takalmina na zuwa coci, shi ya sa kuka gan ni da na roba. Na tsaya a ƙofa riƙe da takalmin, na daɗe. Shekara guda ke nan, tun rasuwar matata, ban dawo gida na tarar an taɓa mini wani abu ba.

Ubangiji ya ba Yaya Bulus hutawa. Ya sada shi da Hannatu da Yakubu, su yi ta ɗauke masa kofi daga inda ya ajiye. Mu da muka rage, Allah kada ya bar ɗakunanmu shiru. Cikin sunan Yesu, amin.