Gurbin Kunci a Ƙotar Abu Ashara

Jiya jikana ya nuna mini tsofaffin bindigogin soja da masu tarawa ke ciniki a waya, sai ƙanshin man bindiga ya dawo mini da Kawu.

Wani tsohon sojan Sudan ne da muke kira Kawu, mai kula da bindigogin ado na kafilinsa, wato ubangidan da ya tsaya masa, a nan Jidda. Na ga dillalai a Agadas da Istambul, amma shi kaɗai na ga yana shinshina ƙotar bindiga kafin ya faɗi kuɗi. Yakan ce ta Jamus mai harsashi biyar ta fi tsada, amma ta Ingila mai goma, wadda suke kira Abu Ashara, ta fi sanin kafaɗa.

Wata la'asar na tarar da shi rungume da wata Abu Ashara. Ashe kafili ya ce a kankare ƙotar a shafa fenti, don ta ƙara kuɗi.

Na ce, "Shi ke nan, Kawu, kankare mana. Iƙamarka fa, takardar zamanka a ƙasar nan, tana hannunsa."

Ya ɗora yatsana a wani gurbi mai santsi. "Ɗana, nan wani ya kwantar da kuncinsa yana tsoro. Ni zan share shi?"

Kafili ya sayar da ita yadda take, da araha, bai kuma sabunta iƙamar ba. Dole Kawu ya koma Sudan, can ya rasu.

Allah ya sanyaya inda ya kwantar da nasa kuncin.