Murfin Da Mai Agogo Ya Gyara

Shekarar da aka kafa fitilun titi a layinsu Mai Agogo ya fara sanin Hedimasta. Ranar da Mai Agogo ya tare a gidan da ke kallon na Hedimasta ne, da katifa ɗaya, da akwatin kayan aiki, da amarya mai yawan dariya. Hedimasta ya tsallako ya kama masa katifar, ya dubi agogon hannunsa ya ce ƙarfe huɗu. Mai Agogo ya ce a'a, huɗu saura minti uku. Daga nan suka zama aminai, kuma shekara talatin da takwas ba su daina musu a kan minti ukun nan ba.

Shagon Mai Agogo wani ɗan lungu ne ƙarƙashin matakalar bene, kusa da gidan waya. Can ya zauna da gilashi a ido ɗaya da hantsaki a hannu har wayoyi suka zo, mutane suka daina ɗaura agogo. Mutum ne da ba ya iya kwana da abu a lalace. Ba ya kuma yar da komai: duk abin da ya cire sai ya sa shi a ambulan, ya rubuta rana da wata.

Abu ɗaya ne ya fi ƙarfinsa, kicin ɗin matarsa. A nan akwai murhun gas mai oben a ƙasa, murfin oben ɗin kuwa ba ya rufuwa ruf. Da wata 'yar kujera take tokare shi. Duk sanda ya zo da sukudireba sai ta tare ƙofa.

"Kai da agogunanka, ni da murhuna. Na taɓa zuwa shagonka na ce ga yadda za ka yi?"

A oben ɗin nan take gasa duk abin da kabad ya bayar. Ayaba in ta nuna ta wuce ci, ta shiga fulawa. Burodin jiya, a jiƙa shi da madara da ƙwai ɗaya, ya fito kamar sabo. In babu komai sai fulawa da mai da sukari, ta murza ta yanka da bakin kofi, ga biskit. Amma abin da gidan ya fi so shi ne kek ɗinta na ranar hutu, wanda ba shi da wani ado.

Da ta rasu, Allah ya jiƙanta, ya rasa inda zai sa hannunsa. A sati na biyu ya shiga kicin ya sa wa murfin sabon sifirin, ya mai da kujerar sito. Murfin ya rufe ƙyas. Ya tsaya yana jiran ya ji daɗi, bai ji ba.

Bayan wata huɗu Auta, 'yarsu, ta zo ta buɗe kabad, ta ga babu abin da ya ragu sai ganyen shayi.

"Baba, shayi ba abinci ba ne. Haɗa kayanka mu tafi, ga ɗaki can na gyara maka."

"Ina zan bar gidan nan in je?"

"To ran Asabar zan dawo. In ka ba ni abin da ka dafa da hannunka na ci, na bar ka. In ba haka ba, da mota zan zo."

Wani mai hankali da taliya zai dafa. Shi kuwa sai ya ɗauko katin da marigayiya ta rubuta kek ɗinta. Fulawa kofi biyu, sukari kofi ɗaya, mai rabin kofi, ƙwai uku, bekin foda cokali biyu, gishiri kaɗan, madarar gari a dama da ruwa. Wuta a lamba biyar, minti arba'in. Ya karanta ya yi murmushi. Mutumin da ya wargaza agogo mai ƙananan ƙarafa ɗari ya mayar, wannan ai wasa ne.

Ran Litinin kek ya fito baƙi ƙirin a waje, ciki kuwa ɗanye sharaf. Ya zargi fulawar, ya tankaɗe ta sau biyu. Ran Talata haka. Ya zargi ƙwan, ya auna su ɗaya bayan ɗaya a ma'aunin shago. Ran Laraba ya jera agoguna uku a kan tebur don kada ɗaya ya ci amanarsa. Duk ukun suka yarda minti arba'in ya cika, kek ya fito kamar an tono shi daga gobara.

Hayaƙin ne ya kawo Hedimasta.

"Injiniya, gawayi ka koma sayarwa?"

"Duba katin nan. Ka ga kuskure?"

Hedimasta ya gyara tabarau ya karanta kamar mai duba jarrabawa. "Rubutu dai ya yi kyau. Wataƙila iskar gas ta yanzu ta fi ta da zafi."

"Wane ne ya gaya maka?"

"Ba kowa. Amma komai na yanzu haka yake."

Mai Agogo ya zauna ya dafe kai. Bai ƙara komai a kan abin da ke katin ba, bai rage komai ba. Lamba biyar lamba biyar ce. Har ya fara tunanin ko marigayiya ta ɓoye masa wani abu ne da ba ta rubuta ba, sai kunya ta kama shi. Ya fara duban ɗakunan yana tunanin me zai ɗauka, me zai bari.

Ran Juma'a da hantsi Hedimasta ya turo matarsa, wadda duk layin ke kira Sista saboda aikin asibitin da ta yi. Ta shigo kicin ba ta ko dubi katin ba. Ta ɗauki gwangwanin gashin, ta juya shi, ta kalli gindinsa ɗan lokaci, ta ajiye. Sannan ta dubi ƙasa, inda wasu ramuka biyu suka ci siminti a gaban oben.

"Baban Auta, ina kujerar?"

"Tana sito. Ai na gyara murfin."

"Ka gyara." Ta riƙe haɓa. "Shekara nawa rabin zafin nan yana fita ta gefe, a kan haka ta rubuta biyar ɗinta. Kai kuma ka zo ka kulle shi ciki duka. Ai dole ya ƙone."

"To a lamba nawa zan sa yanzu?"

"Oho. Uku, ko uku da rabi. Sai ka yi ta gwadawa."

Ba shi da ranakun gwaji, gobe Asabar. Sista ta fita. Sannan ya je ya buɗe akwatinsa, ya zaro ambulan mai kwanan watan sati na biyu da rasuwar matarsa. Ya cire sabon sifirin, ya mai da tsohon, mai tsatsa da lanƙwasa. Bai taɓa ɓata abu da gangan ba tun da yake, sai ranar. Ya sa kek a oben a lamba biyar, ya ɗauko kujerar, ƙafafunta biyu suka faɗa cikin ramukan kamar jiya ta tashi daga wurin. Zafi ya riƙa busowa ta gefe yana dukan ƙwaurinsa, ƙamshin ya bi gidan ɗaki ɗaki.

Ran Asabar Auta ta zo da motar. Ya yanka mata, ta ci loma ɗaya. Ta leƙa kicin ta ga kujerar.

"Ba ka ce ka gyara murfin nan ba?"

"Na gyara. Sai na ga gyaran ne ya lalace."

Ta share ido da bayan hannu. "Kek ma ba abinci ba ne, Baba. Amma zauna. Sista za ta koya maka miya, ni kuma zan riƙa bugowa in ji me ka ci."

Da ya zo wanke gwangwanin sai ya tuna yadda Sista ta juya shi. Ya juya shi ma. A gindin akwai ɗan ɗigon jan fenti, irin wanda ke jikin duk tukwanen gidan Hedimasta. A hankali abin ya dawo masa: satin tarewarsu, amarya ta tsallaka titi ta ce aron kwana ɗaya.

Ya sayi sabon gwangwani a shagon kwanuka. Asabar ta gaba ya yi kek a tsohon, ya rufe da tsumma mai tsabta, ya tsallaka ya ajiye a kan bencin barandar su Hedimasta. Bai ƙwanƙwasa ba. Ya dubi agogonsa, huɗu saura minti uku, ya koma gida.